Senti 10 kan hoto ɗaya: ina kuɗin masu ɗaukar hoto ke tafiya?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau maganar masu ɗaukar hoto za mu yi, masu loda hotunansu a shafuka irin su Shutterstock da iStock da Adobe Stock don kamfanoni da gidajen jarida su saya. Kun san irin hoton nan da ake gani a saman labari ko a shafin banki, wata mata riƙe da waya tana murmushi, ko hannu biyu ana musabaha? To yawanci saye aka yi, kuma ba mamaki wanda ya ɗauke shi senti 10 kacal ya samu, wato sai an sauke shi sau goma kafin ya haɗa dala ɗaya.

Da can ba haka abin yake ba, hoto ɗaya a wajen manyan dillalai irin su Getty Images ɗaruruwan daloli ake biya. A shekarar 2000 wani ɗan Kanada, Bruce Livingstone, ya buɗe iStockphoto, ya karya farashi, ya kuma buɗe ƙofa ga duk mai kyamara. A 2003 Jon Oringer ya kafa Shutterstock a birnin New York da hotunansa na kansa kusan 30,000, shi kuma da tsarin biyan kuɗin wata ya zo, ka biya sau ɗaya ka yi ta saukewa. Getty da ta ga kasuwa na neman kufce mata sai ta saye iStockphoto a 2006 kan dala miliyan 50.

To wannan tsarin na wata-wata a nan matsalar take, ku bi ni a hankali. Shutterstock ta daɗe tana sayar da wani tsari na hoto 750 a wata kan kuɗi kusan dala 200. Ku raba ku gani, hoto ɗaya bai kai senti 30 ba. A cikin wannan ɗan abin ne za a cire wa mai hoto kasonsa. Shi ya sa in kamfani ya ce maka ai muna ba da kashi kaza cikin ɗari, tambayar da za ka fara yi ita ce, kashi kaza na nawa?

A watan Yunin 2020 aka yi rigima babba. Kafin nan, duk hoton da aka sauke ta tsarin wata mai shi na samun senti 25 zuwa 38. Sai Shutterstock ta kawo matakai shida, daga kashi 15 zuwa kashi 40, mafi ƙarancin biya kuma senti 10. Abin da ya fi ƙona wa mutane rai shi ne duk ranar 1 ga Janairu kowa zai koma matakin farko, ko da shekara goma ka yi kana musu aiki, sai ka sake hawa daga ƙasa, kuma kashi 40 ɗin nan sai an sauke maka hoto sama da 25,000 a cikin shekarar kafin ka taɓa shi. Mutane da yawa sun rufe hotunansu don nuna fushi, amma tsarin bai canja ba, saboda rumbun na da hotuna ɗaruruwan miliyoyi, in ka janye naka gobe wani ya cike gurbin. iStock ma, wato iStockphoto, kashi 15 take ba wanda ke kai hotonsa wasu shafukan ban da nata, Adobe Stock ce ta ɗan ɗara da kashi 33.

Kuma fa aikin ba wasa ba ne. Ka sayi kyamara, ka zauna a kwamfuta kana gyaran haske da kala, ka rubuta wa kowane hoto kalmomin da za a neme shi da su har wajen hamsin, in akwai fuskar mutum a ciki sai ya sa hannu a takardar amincewa, bayan duk wannan a iya dawo maka da shi wai bai fita sosai ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi kenan. In kana Najeriya akwai ƙarin wani yanka, babu yarjejeniyar haraji tsakaninta da Amurka, don haka duk cinikin da mai saye daga Amurka ya yi, kashi 30 na kasonka za a riƙe.

Sai ga hotunan kyauta na Unsplash da Pexels, sai kuma AI, wato ƙirƙirarriyar basira, da ke ƙirƙiro hoto cikin daƙiƙu, alhali da hotunan mutanen nan aka koya masa aikin. A Janairun 2025 kuma Getty da Shutterstock suka sanar za su haɗe.

Ni a ganina adalci a farashi yana farawa ne daga wa ke da bakin magana lokacin yanke shi. Livingstone ɗin nan da ya fara karya kasuwa, shi da abokan aikinsa ne suka kafa Stocksy a 2013, ƙungiyar haɗin gwiwa ce da masu hoton ke da hannun jari a ciki, suna karɓar kashi 50, a wani nau'in izinin amfani da hoto kuma har 75, sai dai shiga cikinta akwai wuya, ba kowa suke ɗauka ba.

In kana da hoton da ba kowa ke da shi ba, hawan sallah a Kano ko Zazzau, ko marina ta Ƙofar Mata, kar ka zuba shi inda za a biya ka senti 10. In mai saye ya zo maka kai tsaye, kafin ka faɗi kuɗi ka tambaye shi a ina zai yi amfani da shi, na tsawon wane lokaci, kuma shi kaɗai yake so ko za ka iya sayar wa wani, don hoton bangon littafi da na allon talla a titi kowanne da kuɗinsa.