Sharhi: Na'urar hoton ciki a hannun 'yan siyasar Amurka

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Na'urar hoton ciki, wadda mata suka fi sani da sikanin, an ƙera ta ne don likita ya ga kwanciyar jariri, ya ƙiyasta watannin ciki, ya kuma gano ko cikin ya zauna a wajen mahaifa, abin da kan yi ajalin mace idan ba a ankara ba. A Amurka kuwa, 'yan majalisa sun tsunduma ta cikin rigimar zubar da ciki.

A 2011 jihar Texas, zamanin Gwamna Rick Perry, ta wajabta a yi wa mace hoton awa 24 kafin a zubar mata da ciki. Tana kwance a kan gado, likita zai juyo mata da allon, ya kunna sautin bugun zuciya, ya zayyana mata girman abin da ke cikinta, hannaye da ƙafafu. Tana iya kau da kai, amma bayanin dole ta ji shi, sai fa wadda aka yi wa fyaɗe da makamantanta. Kotuna ma bakinsu bai zo ɗaya ba: a 2014 aka soke irin wannan doka a North Carolina, a 2019 aka tabbatar da ta Kentucky.

Masu goyon baya sun ce a bar mace ta gani da idonta kafin ta yanke hukunci. Ban raina wannan magana ba, rai ba abin wasa ba ne. Sai dai wani bincike da aka wallafa a 2014, kan mata fiye da 15,000 a Los Angeles, ya nuna kashi 98 cikin 100 na waɗanda suka kalli hoton ba su fasa ba. Wadda talauci ko gudun abin kunya ya kawo asibiti, allo ba zai share mata hawaye ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda doka ta ɗaure hannun likita. A 2021 Texas ta haramta zubar da ciki da zarar an ji bugun zuciya, a 2022 kuma Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin 1973 da ya halatta shi. A shekarar ce faya ta fashe wa wata mata a Texas mai suna Amanda Zurawski, cikinta na mako 18. Likitoci sun san jaririyar ba za ta rayu ba, amma na'ura na nuna bugun zuciya, sai suka ƙi taɓa ta har cuta ta shiga jininta, aka kwantar da ita a ɗakin masu rai kwakwai mutu kwakwai.