Me ake jinkirtawa a injin fasa mai?

Tun da muhawarar matatun mai ta yi zafi, kullum sai ka ji wani ya ce ai wuta kawai za a ƙara, duk ɗanyen man ya koma fetur. To, mu leƙa mu ga abin da wutar take yi, musamman a injin fasa mai da zafi da ake kira "delayed coker" da Turanci.

Doguwar hasumiyar da ɗanyen mai yake fara shiga a matata rabawa kawai take yi. Ana dafa ɗanyen mai zuwa digiri 350 ko 370, mara nauyi ya tashi, mai nauyi ya kwanta. Ba a canza komai ba. Abin da ya rage a gindi, bayan an sake tace shi a hasumiyar da aka zuƙe wa iska, shi ne wani baƙin abu mai kamar kwalta. Shi ake fasawa da zafi. Dabarar ta daɗe: injiniya Shukhov ya yi mata rajista a Rasha a 1891, William Burton kuma a Amurka a 1913.

Ga inda mutane suke ɓata. Man nan dogayen sarƙoƙin kabon ne, kewaye da haidirojin. Zafi ya haura digiri 450, sarƙoƙin suna tsinkewa, a samu gajeru: iskar gas, nafta (man da ake haɗa fetur da shi), dizal. Amma gajerun sun fi dogayen cin haidirojin, kuma ba wanda ya ƙaro shi daga waje. Daga ina za su samu? Daga 'yan'uwansu za su ƙwace. Waɗanda aka ƙwace wa sai su dunƙule su zama kabon kusan zalla, wato gawayin mai. Ba makawa sai ya fito. Wani lokaci kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na nauyin abin da aka zuba gawayi yake komawa. Abin da injiniya yake iya zaɓa shi ne wurin da zai fito.

Ku tuna ƙanzo a gindin tukunyar tuwo. In ya kama a cikin bututun murhu, ya zama bargo tsakanin wuta da mai. Sai a ƙara wuta don man ya kai zafin da ake so, ƙarfen ya yi ja, ya kumbura, wata rana ya fashe da mai mai digiri 500 a ciki. Ba abin kallo ba ne.

Shi ya sa a wannan injin, wanda aka fara ginawa a matatar Whiting ta jihar Indiyana a 1929, ake kora man ta cikin murhu da gudu. Ana ɗura tururi a bututun don ya ƙara masa sauri. Ya fito da zafin digiri 480 zuwa 505, ya ɗauki zafin, amma bai samu lokacin daskarewa ba. Abin da aka jinkirta ke nan: ba fasawar ba, daskarewar gawayin. Sai ya shiga wata ƙatuwar ganga ta gindinta, ya samu wurin zama, ya ƙarasa fashewa a natse. Tururin mai ya fita ta sama zuwa wata hasumiyar rabawa, gawayi ya yi ta taruwa.

Gangunan bibbiyu suke aiki. Ɗaya na cika, cikin awa 12 zuwa 24, ana kwashe ɗayar. A hura mata tururi, a sanyaya da ruwa, a buɗe, sannan a yanke gawayin da ruwa mai matsi fiye da 200 a ma'aunin matsi na "bar". E, ruwa ne yake yanka shi.

Matsala biyu ake jin tsoro a nan. In ganga ta cika fiye da kima, kumfa ta haura ta kai gawayi cikin hasumiya. Don haka ake zuba maganin kumfa na silikon. In kuma ruwan sanyi bai ratsa ko'ina ba, sai wani lungu ya rage da zafi, ana yanka ya yi aman tururi.

Naftar da ta fito kuwa ba a kai ta gidan mai haka. Cike take da sulfa, kuma in ta zauna tana yin danƙo, sai an wanke ta da haidirojin tukuna. A ganina shi ya sa matatu irin ta Dangote suke dogara da fasawa ta hanyar sinadarin katalis, mai hanzarta fasawa, wajen samar da fetur, zafi zalla kuma, a matatun da ke da wannan injin, an bar masa ragowar gindin hasumiya.