Diyyar rauni a wurin aiki idan jiha biyu suka shiga ciki

Assalamu alaikum jama'ar Kano, musamman ƙannena na Fagge da Kurna da kuke yawan tambayata game da tuƙin tirela a Amurka. Ina yi muku magana ne daga cikin motata a wata tashar manyan motoci, kuma allon nan da nake hange ta gilashi shi ne iyakar jihar Illinois da Indiana.

A gida Najeriya dokar diyyar ma'aikata ɗaya ce, ta shekarar 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF take aiwatarwa, don haka leburan da buhu ya danne a Dawanau da wanda injin ya yanke a Legas ƙofa ɗaya za su ƙwanƙwasa. A nan kuwa kowace jiha da tata dokar, har ma jihar Texas ba ta tilasta wa yawancin kamfanoni masu zaman kansu shiga tsarin ba.

To, a ce an ɗauke ka aiki a Chicago da ke jihar Illinois, sai ka zame a kan ƙanƙara kana sauke kaya a Indiana, ƙugunka ya goce. Indiana tana da hurumin sauraron ƙararka domin a ƙasarta ka ji ciwo, Illinois ma tana da shi domin a can aka ƙulla yarjejeniyar aikinka. Bambancin ba ƙarami ba ne. A Indiana kamfani ne yake zaɓa maka likita, a Illinois kuwa doka ta ba ma'aikaci damar zaɓen nasa, kuma duk wanda ya taɓa jinya ya san abin da ake nufi da likitan da ba kai ka kawo shi ba. Wa'adin shigar da ƙara ma shekara 2 ne a Indiana, 3 a Illinois.

A shekarar 1980 Kotun Ƙolin Amurka ta duba shari'ar Thomas da kamfanin Washington Gas Light. An ɗauki mutumin aiki a birnin Washington, ya ji rauni a Virginia, ya karɓi diyya a can, sannan ya nemi ƙari a Washington, kotu kuma ta ba shi dama. Amma kada wani ya ɗauka ci biyu ne, domin ana cire abin da aka riga aka biya shi.

Abin da yake damuna ƙwarai shi ne yadda 'yan uwanmu suke hanzarin sa hannu a takardar sulhu saboda kuɗin haya ya matso, ga kuma iyali a gida suna jiran aike, alhali wannan sa hannun yana iya toshe hanyar jiha ta biyu. Don Allah a nuna wa lauyan da ya san dokokin jihohin biyu takardar tukuna. Wanda kuma aka rubuta shi a matsayin ɗan kwangila mai zaman kansa, ya bincika tun kafin ya hau mota, domin galibi wannan diyya ba ta shafarsa.