Karo a CHANGELOG: laifin Git ne ko namu?

Habiba: To, mun dawo. Saƙonnin masu sauraro na wannan makon kusan duk kuka ɗaya ne: an buɗe pull request uku, wato buƙatun haɗa gyara cikin manhaja, dukansu sun yi karo a CHANGELOG.md, fayil ɗin da ake jera sauye-sauyen kowace siga.

Nasiru: Ai dole. Kowa yana cusa layinsa a ƙarƙashin Unreleased, sashen gyare-gyaren da ba a fitar ba tukuna, wuri ɗaya tak. Git, manhajar da ke adana tarihin gyare-gyare tana haɗa su, ya ga mutum uku sun taɓa layi guda, sai ya ce ku sasanta da kanku.

Bashir: Ba sai a saka merge=union a fayil ɗin .gitattributes ba, don Git ya riƙe layukan kowa?

Nasiru: Yana rage karo, amma kar ka saki jiki. Akwai wanda ya fi karo muni, shi ne wanda ba ya ƙara. An fitar da 2.3.0 alhali reshenka na Git, inda kake gyaranka, yana buɗe, ka haɗa bayan kwana biyu, layinka ya zauna ƙarƙashin 2.3.0, sigar da gyaranka ba ya ciki. Shiru kake ji. Shi ya sa manhajojin Python irin su pip da pytest suke amfani da wani kayan aiki mai suna towncrier: kowane gyara da ɗan fayil ɗinsa, kamar 1234.bugfix.rst, lambar matsalar da nau'in gyaran. Ranar fitarwa a tattara su, a goge ƙananan. CPython, wato ainihin Python, na da irin nasa mai suna blurb, fayilolin suna taruwa a Misc/NEWS.d. Masu JavaScript kuma Changesets.

Habiba: Wasu za su ce a ciro daga git log kawai, wato jerin saƙonnin commit da ake rubutawa duk lokacin da aka adana gyara, a huta.

Nasiru: Sai mai amfani ya buɗe ya tarar da "gyara".

Bashir: "Gyara kuma".

Habiba: "Yanzu kam ya yi".

Bashir: "A'a, bai yi ba". Sannan "don Allah ka yi".

Habiba: Wannan ai addu'a ce, ba commit ba!

Nasiru: Ku bari mana. Ko da Conventional Commits, tsarin fara saƙo da kalma irin su feat da fix, saƙon commit na abokin aikinka ne. Changelog na wanda zai sabunta manhaja ne, yana son sanin me zai karye masa. Tsarin Keep a Changelog na Olivier Lacan kashi shida ne: Added, Changed, Deprecated, Removed, Fixed, Security. Deprecated ake yawan tsallakewa. Ka sanar a 1.9 cewa abu zai tafi, ka cire shi a 2.0. In ka cire a 1.10 ka saɓa wa SemVer, ƙa'idar lambobin siga da ta ce abin da zai karya wa mutane aiki sai an ƙara lambar farko. Kwanan wata kuma shekara, wata, rana. 03/04 a Amurka Maris ne, a Ingila Afrilu.

Bashir: Malam, wa zai tilasta wa mutane rubutawa?

Nasiru: CI, wato gwajin da ke gudana da kansa a kan kowane pull request. In babu fayil ɗin, gwajin ya faɗi. towncrier check yana yin haka. A bar lakabi na tsallakewa don gyaran kuskuren rubutu.

Habiba: Lokaci ya ci mu. Batun YANKED, alamar sigar da aka janye bayan an fitar, sai wani makon.

Bashir: "Yanzu kam ya yi."