Amsoshin Tambayoyinku: Sarki da Dakare a Ƙarshen Wasan Ces

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wasiƙarmu ta farko a yau ta fito ne daga wani malami a Tudun Wada, nan cikin Kaduna, wanda yakan buga wasan ces, wato darar nan da Larabawa ke kira shaɗaranji, shi da abokansa bayan sallar la'asar. Ya ce wasa ya zo ƙarshe, fararen 'ya'ya ne nasa, sarkinsa yana gidan d5 (gidajen allon da harafi daga a zuwa h da lamba daga 1 zuwa 8 ake kiransu), dakarensa, wato mafi ƙanƙantar 'ya'yan wasan, ɗaya tilo yana e4, abokin karawarsa kuwa sarki kaɗai ya rage masa a e7, kuma shi malamin ne ke da tafiya. Ya yi ta tura dakaren har sarkin abokin ya rasa inda zai taka, sai aka ce masa an yi kunnen doki. Yana tambaya ko cutarsa aka yi.

Malam, ba a cuce ka ba. A dokar FIDE, wato hukumar wasan ces ta duniya, idan wanda ke da tafiya ya rasa halastaccen motsi, alhali ba a kai wa sarkinsa hari ba, to an tashi canjaras. Nasara dai tana hannunka, amma tun a tafiyar farko ka sake ta. Wanda ke da allo a kusa ya jera 'ya'yan, mu bi tare.

Da ka tura dakare zuwa e5, baƙin sarki ya koma d7. Ka ƙara zuwa e6, ya dawo e7, ka kai sarkinka e5 ka kare dakaren, shi kuma ya ja da baya kai tsaye zuwa e8. Ka hau d6 da sarki, ya tsaya maka a d8, ka tura dakare e7, ya shige e8. A nan zaɓi biyu kawai suka rage maka: ko ka bar dakaren a cinye, ko ka matsa da sarki zuwa e6 ka toshe masa kowace ƙofa ba tare da hari ba, kuma wannan na biyun ka yi.

Abin da ya kamata shi ne ka ƙyale dakaren a inda yake, ka kai sarkinka e5. Yanzu sarakunan biyu suna fuskantar juna da gida ɗaya a tsakaninsu, kamar masu amalanke biyu da suka haɗu a lungu, kuma wanda tafiya ta faɗo a kansa shi ne dole ya kauce. Idan ya kauce zuwa d7, ka shige f6. Idan ya nufi f7, ka shige d6. Da zarar sarkinka ya taka layi na shida yana gaban dakaren, sai ya share masa hanya har e8, inda zai zama sarauniya. A ganina, abin da ke kayar da yawancin masu koyo shi ne sun saba ɓoye sarki tun farkon wasa, har sun manta cewa idan allo ya yi fili sarkin ne ya kamata ya shige gaba. José Raúl Capablanca na ƙasar Kyuba, zakaran duniya daga 1921 zuwa 1927, ƙarshen wasa yake ba mai koyo shawarar ya fara nazarta. Sai dai a kula, idan dakaren yana layin gefe ne, wato layin harafin a ko na h, kuma sarkin abokin karawa ya riga ya isa kusurwa, wannan dabara ba ta aiki.

Wata malama daga Barnawa kuma ta ce ta rage da sarki da dawakai biyu, ɗanta da sarki kaɗai, ta kuwa yi ta bin sa ba ta kama shi ba. Malama, laifin ba naki ba ne, domin dawakai biyu ba sa iya tilasta kamun sarki muddin mai shi bai yi kuskure ba. Da hasumiya ɗaya ce a hannunki, wato ɗan wasan da ke tafiya a miƙe, tafiya 16 ta ishi gwani, da sarauniya kuwa 10. Ki kuma sani cewa idan kowannenku ya yi tafiya 50 ba a ci ɗa ba, ba a kuma motsa dakare ba, yaron yana da ikon neman a tashi kunnen doki.