Darasi: Yadda Ake Mayar da Saniyar Roba ta Zama Bunaji

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina kan ƙaramar tashar Nguru da nake haɗawa a kan tebur. Layin dogo ya isa Nguru a 1930, daga nan ne aka riƙa loda shanu a tarago zuwa Kudu. To tarago dai mun gama, saura shanun.

Ku dubi wannan 'yar saniyar roba da ke tafin hannuna. Kamfanin Preiser na Jamus ne ya yi ta, a ma'aunin HO, wato 1:87. Saniyar da tsayinta ya kai santimita 130 a kafaɗa, a nan milimita 15 take. Kyakkyawa ce, amma saniyar Turai ce, ba tozo, ƙahon ma ɗan guntu. Ka ajiye ta a Nguru a haka, Bafulatani ya gani, dariya kawai zai yi maka.

Tozo za mu fara yi. Ku ɗebo Milliput, wato wani kwaɓin gam mai kala biyu da ke taurara idan ya bushe, ku murza kala biyun har su haɗe, ku gutsuri kamar ƙwayar dawa, kada ya wuce haka. Ku manna a saman kafaɗa, daidai inda wuya ya ƙare. Ku jiƙa tsinken sakace da ruwa ku shafe gefen, ya zama kamar da shi aka haife ta. Ni na farkon da na yi, girma ya yi har ta koma raƙumi. A bar shi ya kwana ya bushe.

Ƙaho kuma siririyar wayar tagulla nake cirowa daga tsohon cajar waya, in huda kan da allura mai zafi, in lanƙwasa sama, in ɗiga gam.

Sai fenti, kuma nan mutane ke ɓata aiki. Bunaji fara ce, amma kada ku sa fari tas, sai ta koma kamar alli. Ku ɗan haɗa da ruwan ƙasa. Kunne da hanci baƙi. Cikin goma ku sa biyu jajaye masu dogon ƙaho, Rahaji ke nan. Bayan ya bushe, ku niƙa jar ƙasa ku goga a ƙafafu da ciki da busasshen buroshi, don shanun da suka yi kwanaki a hanya ba sa isowa tasha fes.

Wajen jerawa kuma ku cunkusa su bakin shinge, wata ta juya baya, wata ta sunkuya. Bari in matso da kyamara ku gani.