Ginshiƙin teleskop a tsakar gida: yadda na zuba nawa a Garwa

Salamu alaikum jama'a, barkanku da war haka. Kun ga wannan abin da ke tsaye a tsakar gidana kamar turmin da aka manta da shi? To ba turmi ba ne, ginshiƙin da nake ɗora teleskop ne, wato madubin hangen nesa, in zan ɗauki hoton taurari, kuma yau zan nuna muku yadda aka yi shi tun daga rami.

Wani zai ce ai teleskop da ƙafa uku yake zuwa, meye na wahalar siminti. Matsalar ita ce hoton sama ba ƙyas ɗaya ba ne irin na waya, kamara sai ta buɗe ido minti 2, minti 3, wani lokaci har 5 tana tara haske, a wannan lokacin kuma duniya ba ta tsaya jiranka ba, tana juyawa digiri 15 duk awa, shi ya sa akwai wannan kan mai mota da ake ce wa montir da ke bin taurarin a hankali. In ƙafa ɗaya ta ɗan nitse cikin yashi ko yaro ya wuce da gudu, shikenan, taurarinka sun koma tsutsotsi. Ga kuma saitin arewa da sai ka sake shi kowane dare, ni wannan ne ma ya ishe ni.

Kafin ka taɓa diga, zaɓi wuri, kuma a nan ne namu ya bambanta da abin da kuke gani a bidiyon mutanen Turai. Dole sandar da montir ke juyawa a kanta ta kalli tauraron arewa, Polaris, tsayinsa a sama kuwa daidai yake da nisan garinku daga layin ikwaita. A Faris yana can sama wajen digiri 49. Mu nan Garwa ta Kamaru digiri 9 da ɗan wani abu ne, Marwa wajen 10 da rabi, Njamena 12. Wato yana can ƙasa-ƙasa dab da katanga, darbejiyar maƙwabci ɗaya ta isa ta ɓoye maka shi. Don haka matsa can kudancin tsakar gida, nesa da katangar arewa, amma kar ka manne da ta kudu, don can ne ribarmu take, muna ganin taurarin Omega Centauri da Carina waɗanda mutumin Faris ba ya gani sam.

Sai ƙasa. Mu ba mu da ƙanƙarar da ke ɗaga gini, amma muna da karal, baƙar laka ɗin nan da ake shuka muskuwari, wadda ke kumbura da damina ta tsattsage da rani har hannu ya shiga. In irinta ce a gidanka, ginshiƙin zai dinga karkata da lokaci ba ka sani ba, sai ka ƙara zurfi har ka wuce inda tsagar take kaiwa, ka zuba tsakuwa a ƙasa ka daddaɓe. Nawa wurin jigawa ne, na yi santimita 60 kowane gefe, zurfi 80. Katako kuwa kar ma ka fara, gara na jiranka.

Jikin ginshiƙin bututun PVC ne mai faɗin santimita 20, tsayi mita 1 daga ƙasa, rodi huɗu na mili 10 a ciki, an lanƙwasa ƙafafunsu sun shiga cikin gindin don su zama abu ɗaya. Kwaɓin: siminti 1, yashi 2, tsakuwa 3. Yashin mayo, wato na kogi, mai tsabta, ba mai laka ba. Duka-duka kankaren bai kai sulusin mita kubik ba, siminti buhu 3 na kilo 50 sun isa har da saura, nauyinsa kuma ya haura kilo 700, ka ga ba abin da za ka ce gobe bari in ɗan matsar ba ne. Kana zubawa kana bubbuga bututun da guduma kana soka sanda don iska ta fita. In akwai daɓen siminti a tsakar gidan, bar rata kamar yatsa biyu tsakaninsa da ginshiƙin ka cike da yashi, in ba haka ba duk takun da aka yi sai ya hau har cikin hoto.

Yanzu saman. Sandunan ƙarfe masu zare guda 3, waɗanda 'yan kanti ke ce wa tij filete, na mili 12, ka dasa su cikin ɗanyen kankare da allon katako da ka huda don kar su karkace. A kansu farantin ƙarfe mai kaurin mili 10 zai zauna, noti sama noti ƙasa, da su kake daidaita lebul. Mai walda na unguwa ya yanka min shi. Amma ga kuskuren da na yi, ku kiyaye: farantin farko na sa an yi shi da faɗi wai don ƙarfi, da na ɗora montir na kwantar da shi zuwa digiri 9, sai sandar montir mai ɗauke da ƙarfen daidaita nauyi ta rataya kusan tsaye ta zo tana dukan bakin farantin. Dole aka koma aka yanke gefen arewa. Ku gwada da kwali tukuna kafin a yanka ƙarfe.

Gane arewa kuma, kamfas na rikicewa kusa da rodi. Rataya dutse da zare da rana tsaka a Nuwamba ko Disamba, lokacin da inuwar zaren ta fi gajarta, inda ta nuna nan ne arewa, ka ja layi. Ragowar gyaran da dare ne, manhajar NINA kyauta ce kuma tana da saiti na maki uku da ba ya buƙatar ka ga Polaris ɗin ma.

Sai haƙuri. Kankare sai kwana 28 yake kai ƙarfinsa, kuma zafinmu na busar da shi tun bai nuna ba, lulluɓe shi da buhu kana jiƙawa safe da yamma aƙalla sati ɗaya. Ni shawarata a zuba ƙarshen Satumba, ya ƙosa daidai lokacin da damina ta wanke sama, ka samu ƙarshen Oktoba da Nuwamba kafin hazon hunturu ya rufe komai. Wannan hoton taurarin kaza da 'ya'yanta da kuke gani yanzu a kansa na ɗauka, guda 40 ne na minti uku-uku aka haɗa. In na gama sai in sauke teleskop ɗin, in kifa wa montir tsohon bokiti saboda ƙura da awaki.